Ta ina ya kamata a fara koya wa ɗalibi lissafin Fourier?

Malamin_Sigina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da nake so mu tattauna, musamman ku da kuke koyarwa ko kuke aiki da sigina kullum. Darasin sarrafa sigina ta kwamfuta nake koyarwa, kuma ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: ɗalibi zai cika shafi guda da intagiral ɗin Fourier ba kuskure ko ɗaya, amma in ka ɗauki muryarsa ka bi da ita ta FFT, wato hanyar kwamfuta mai sauri ta rarrabe sigina zuwa firikwensin (yawan maimaituwa a sakan) da ke cikinta, ka nuna masa zanen da ya fito ka ce, "Wannan tudun me yake nufi, kuma me ya sa akwai irinsa sak a ɗaya gefen?" sai ya yi shiru. Hannu ya iya, kai bai ɗauka ba.

Tsarin da muka gada kun san shi. A fara da jerin Fourier, a wuce zuwa sigina mai gudana ba yankewa, a shiga lissafin Laplace, a zo ɗibar samfuri, wato auna sigina lokaci-lokaci a mayar da ita jerin lambobi, sannan DFT, wato lissafin Fourier a kan ƙidayayyun lambobi, ta zo can ƙarshen zango lokacin da kowa ya gaji. Ni kuwa na fara ganin kamata ya yi a juya shi, a fara da DFT da 'yan lambobi ƙalilan, intagiral ya biyo baya. Me kuke gani?

Dakta_Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Na fahimci damuwarka, amma ban goyi bayan juya tsarin ba. Wannan fanni ba banza aka jera shi haka ba. Lokacin da Joseph Fourier ya gabatar da aikinsa kan yaɗuwar zafi a birnin Paris a 1807, ya ce za a iya rubuta ko da aikin lissafi (fankshan) mai kusurwa da tsalle a matsayin jimlar sayin da kosayin, manyan masana lissafi irin su Lagrange ba su gamsu ba. Littafinsa bai fito ba sai 1822, kuma sai a 1829 Dirichlet ya kawo sharuɗɗa masu ƙarfi da ke nuna yaushe jimlar take komawa ga ainihin aikin. Tambayar da ta tsayar da waɗannan mutane tambaya ce ta gaske, kuma ɗalibin da bai taɓa cin karo da ita ba zai ɗauka komai yana yiwuwa.

Sannan ta yaya za ka bayyana ƙa'idar ɗibar samfuri ga wanda bai san sifektiram ɗin sigina mai gudana ba, wato zanen ƙarfin kowane firikwensi da ke cikinta? Ƙa'idar kanta magana ce a kan alaƙar mai gudana da wanda aka yayyanka. In ka cire ɗaya ƙafar, me za ta tsaya a kai?

Injiniyar_Sauti:
Dakta, da girmamawa, yadda tarihi ya gano abu daban, yadda ƙwaƙwalwar ɗalibi ke karɓarsa daban. Ni ina tare da Malam, kuma bari in nuna abin da nake nufi da lambobi huɗu kacal.

Ga sigina: 3, 1, -1, 1.

Ina so in san me ke cikinta. Sai in kawo ma'aunai guda huɗu. Na farko shimfiɗaɗɗe ne, ba ya motsi: 1, 1, 1, 1. Na biyu kosayin ne da ya yi zagaye ɗaya cikin samfuri huɗu: 1, 0, -1, 0. Na uku sayin ne mai zagaye ɗaya: 0, 1, 0, -1. Na huɗu shi ne mafi saurin da za a iya samu: 1, -1, 1, -1.

Aikin guda ɗaya ne. Ka ninka lamba da lambar da ke daidai da ita, ka tara. Da na farko: 3 + 1 - 1 + 1, ya ba da 4. Da kosayin: 3 + 0 + 1 + 0, ya ba da 4. Da sayin: 0 + 1 + 0 - 1, sifili. Da na ƙarshe: 3 - 1 - 1 - 1, sifili. Ke nan siginar ba ta ɗauke da komai sai shimfiɗaɗɗen sashe da kosayin. In ka raba 4 na farko da 4, ka raba na biyu da 2, za ka ga siginar ita ce 1 a tara da kosayin ninki biyu. Gwada ka gani: 1 + 2, 1 + 0, 1 - 2, 1 + 0. Ta dawo.

Wannan fa ita ce DFT gaba ɗayanta. Ninka, tara, ka ga yawan kamar da siginar ta yi da ma'aunin. Ɗalibin da ya yi wannan da biro sau biyu ko uku, ranar da ya ga intagiral ɗin Fourier zai gane tsohon saninsa ne, an dai mayar da tarawar ta zama marar yankewa.

Ɗalibi_Aji_Uku:
Anti Injiniya, Allah ya saka da alheri, yau na ga abin a fili. Amma ina da tambaya. Me ya sa aka raba ɗaya da 4, ɗaya da 2? Kuma me ya tabbatar mana cewa in na auna da kosayin, sashen sayin ba zai shigo cikin amsar ya ɓata ta ba?

Injiniyar_Sauti:
Tambayarka ta biyu ita ce zuciyar darasin, ƙanena. Ɗauki ma'aunai biyu daban-daban cikin huɗun nan ka yi musu aikin da muka yi, ka ninka ka tara. Kosayin da sayin: 0 + 0 + 0 + 0. Shimfiɗaɗɗe da kosayin: 1 + 0 - 1 + 0. Duk wanda ka haɗa da wani, sifili za ka samu. Babu ruwan ɗaya da ɗaya. Shi ya sa kowane ma'auni nasa kaɗai yake gani. Kamar inuwar sanda ce: inuwar da ta faɗi a ƙasa tana gaya maka tsawonta ta kwance, wadda ta faɗi a bango tana gaya maka tsawonta ta tsaye, kuma ɗaya ba ta shiga lissafin ɗaya.

Ta farkon kuma, ka auna ma'aunin da kansa. Shimfiɗaɗɗen da kansa ya ba da 4, kosayin da kansa 1 + 0 + 1 + 0 ya ba da 2. Abin da kake rabawa da shi ke nan.

Dakta_Lissafi:
To ai kin dawo gidana, Injiniya. Abin da kika bayyana aljabarar bekta ce tsantsa: bekta huɗu da suka gitta juna a digiri 90, da sauya ma'aunin da ake kallon abu da shi. In haka za a koyar, a kira shi da sunansa, a rubuta matiriks ɗin, a nuna cewa yana da hanyar komawa, to ba ni da ja a kan wannan sashen. Abin da nake tsoro shi ne a tsaya a "ninka ka tara" a ruga wajen kwamfuta. Na ga ɗalibai da yawa da iliminsu na Fourier bai wuce kiran fft a manhajar NumPy ko MATLAB ba.

Mai_Kod:
Dakta, wannan tsoron gaskiya ne, amma maganinsa ba hana kwamfuta ba ne. A hana su kiran fft a makonnin farko, a sa su rubuta DFT da hannunsu, madauki cikin madauki, layi biyar ko shida. Sai a ba su samfuri 1,024 su gani, a ƙara zuwa dubu ɗari su zauna suna jiran kwamfuta. Daga nan za su tambaya da bakinsu ko akwai hanya mafi sauri. Ranar ce za ka kawo FFT, hanyar da Cooley da Tukey suka buga a 1965. Hanyar kai tsaye tana cin ninki kusan N sau N, in N ne yawan samfuran, wato sama da miliyan ɗaya ga samfuri 1,024, FFT kuwa aikinta bai wuce wajen dubu goma ba. Kuma a jaddada musu cewa FFT ba wani sabon lissafi ba ne, amsar DFT ce dai aka samo ta gajeriyar hanya. Da yawa suna ɗauka abubuwa biyu ne daban.

Af, Gauss ma ya riga ya gano irin wannan dabara wajen 1805 yana lissafin hanyar duwatsun sama Pallas da Juno, sai dai ba a buga aikin ba sai bayan rasuwarsa. Shi ma da lambobi ƙidayayyu ya yi aiki, ba da sigina marar iyaka ba.

Ɗalibi_Aji_Uku:
Malamai ku yi haƙuri, har yanzu akwai inda na maƙale. A misalin Anti babu i ko ɗaya, wato lambar nan da in ka ninka ta da kanta take ba da -1, amma a littafi fomular cike take da e da i. Daga ina suka shigo? Kuma firikwensi mai alamar ragi fa? Abu ya maimaita kansa sau 50 a sakan na gane, amma sau -50?

Malama_Fizis:
Ɗana, koma ga siginar Injiniya ka tura ta gaba da taki ɗaya. Za ta zama 1, 3, 1, -1. Siffarta ba ta canja ba, jinkiri kawai ta yi. Yanzu auna da kosayin: 1 + 0 - 1 + 0, sifili. Auna da sayin: 0 + 3 + 0 + 1, ya ba da 4. Ka gani? Abin da ke hannun kosayin duk ya koma hannun sayin. Da kosayin kaɗai kake aunawa, da ka ce firikwensin nan babu shi, alhali yana nan da ƙarfinsa.

Ke nan kowane firikwensi yana bukatar amsa biyu, ta kosayin da ta sayin. Ka ɗauke su a matsayin kibiya a kan takarda, ɗaya kwance ɗaya tsaye. Tsawon kibiyar shi ne ƙarfin igiyar, kuma bai canja ba, 4 ne kafin jinkiri, 4 ne bayansa. Kusurwar da ta nuna ita ce ke faɗa maka daga ina igiyar ta fara. Lambar da ke ɗauke da i hanya ce ta riƙe amsoshin nan biyu a wuri ɗaya, kuma ƙa'idar da Euler ya buga a 1748 ita ce ta ce e mai ɗauke da i da kusurwa a kansa daidai yake da kosayin a tara da i sau sayin. Wato kibiya ce mai tsawon 1 tana zagaya da'ira.

Firikwensi mai ragi kuwa kibiya ce da ke zagayawa ta ɗaya hannun. Igiyar gaske, irin wadda makirfo ke ɗauka, ba ta da sashen i. Hanyar samunta ita ce kibiyoyi biyu masu gudu ɗaya, ɗaya tana bin hannun agogo ɗaya tana saɓa masa. Sashensu na tsaye kullum yana kashe juna, na kwance yana haɗuwa. Tudun nan na biyu da Malam ya ce ɗalibansa ba sa iya bayyanawa, kibiya ta biyun ce.

Malamin_Sigina:
Malama, wannan misali na tura sigina da taki ɗaya zan ɗauke shi kai tsaye zuwa aji. Ya fi duk wata hujja da nake kawowa kan dalilin shigowar i.

Amma Dakta ya yi tambayar da ba a amsa ba tukuna, kuma tana da nauyi: ɗibar samfuri. Ni ga yadda nake gani. Ko a cikin samfuri huɗun nan ana iya ganin matsalar. A gwada kosayin mai zagaye uku cikin samfuri huɗu, za a samu 1, 0, -1, 0, wato daidai da mai zagaye ɗaya. Mai zagaye biyar ma haka. Da zarar ka yayyanka lokaci, firikwensi daban-daban suna yin basaja su fito da fuska ɗaya. In kana ɗibar samfuri 8,000 a sakan, kamar yadda ake yi wa muryar tarho, sautin 5,000 Hz, wato mai zagaye 5,000 a sakan, zai fito a matsayin 3,000 Hz, kuma babu lissafin da zai raba su bayan an riga an ɗiba. Shi ne dalilin da ya sa tayar mota a fim take zama kamar tana juyawa baya, kyamara ce ke ɗaukar hoto 24 a sakan.

Dakta_Lissafi:
Na yarda wannan ya nuna rabin ƙa'idar, wato abin da ke lalacewa in ka yi ƙarancin samfuri. Amma ɗaya rabin ya fi ban mamaki, kuma lambobi huɗu ba za su ba ka shi ba: in siginar ba ta ɗauke da firikwensin da ya kai rabin saurin ɗiba, to samfuran nan sun isa a dawo da ita cif, har da duk abin da ke tsakanin samfuri da samfuri. Wannan ne abin da ake jingina wa Nyquist na 1928, Kotelnikov ya tabbatar da shi a Tarayyar Sobiyet a 1933, Shannon ya kafa shi a fannin sadarwa a 1949. A kansa faifan CD ya tsaya da samfuri 44,100 a sakan, tunda kunnen ɗan Adam ba ya wuce wajen 20,000 Hz. Ba za ka iya hujjar wannan ba sai da sifektiram mai gudana. Don haka ko an fara da DFT, dole a dawo gare shi, kuma a ba shi haƙƙinsa, ba a yi masa leƙen mako ɗaya ba.

Haka ma abin da ake kira tasirin Gibbs. Ka tara sayin komai yawansu don gina igiya mai kusurwa huɗu, a bakin tsallen sai ta zarce da kusan kashi 9 cikin ɗari na tsayin tsallen, kuma ƙarin sayin ba ya rage tsayin zarcewar, sirantar da ita kawai yake yi. Wilbraham ya lura da shi tun 1848, Gibbs ya bayyana shi a 1899. Injiniyan da bai san wannan ba, ranar da ya yanke firikwensi da kaifi ya ga siginarsa tana rawa a gefe, zai ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Injiniyar_Sauti:
Ban ce a jefar da shi ba, Dakta. Cewa na yi ya zo na biyu. Kuma tunda ana maganar abin da ke kayar da injiniyoyi a wurin aiki, ni abin da na fi gani ba Gibbs ba ne, abubuwa biyu ne da DFT kanta ke koyarwa.

Na farko yoyo. DFT tana ɗaukar guntun da ka ba ta kamar yana maimaita kansa har abada. In igiyar ba ta cika zagayenta daidai a cikin guntun ba, ƙarshe da farko ba sa haɗuwa, sai ƙarfin sautin ɗaya ya watsu zuwa maƙwabta. Mutum ya saka sauti ɗaya tak, ya ga sifektiram ya baje, ya rasa dalili. A nan taga take shigowa, wato jerin lambobin da ake ninka guntun da su, irin ta Hann ko ta Hamming, wadda ke lallaɓa gefen guntun zuwa ƙasa. In ba ka sa taga ba, tudun gefe na farko yana ƙasa da babban tudu da wajen desibel (ma'aunin kwatanta ƙarfi) 13 kacal, da ta Hann kuwa ya kai wajen 31. Amma ba kyauta ba ne, babban tudun yana ƙara faɗi.

Na biyu ya fi yaudara. Ka haɗa sautin 440 Hz da na 445 Hz, ka ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan, samfuri 800 ke nan a saurin 8,000. Tazarar gidajen DFT ɗinka, wato firikwensin da take aunawa ɗaya bayan ɗaya, 10 Hz ce, ba za ka rarrabe su ba. Sai wani ya ce bari ya cika da sifili har samfuri 8,000 don tazarar ta koma 1 Hz. Zanen zai yi sumul, amma sifilin bai ƙara masa labarin da bai ɗauko ba. In kana son ka tabbatar da sautuka biyu da ke da tazarar 5 Hz, sai ka saurara na aƙalla wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Tsawon sauraro ne ke sayen kaifin gani a firikwensi, kuma duk abin da ka samu a nan ka rasa shi wajen sanin takamaiman lokacin da abu ya faru. Gabor ya rubuta wannan a 1946. A ba ɗalibi wannan gwajin ya yi da kunnensa da idonsa, ba zai manta ba.

Malama_Fizis:
Akwai tambaya ɗaya da ban ga an taɓo ba, kuma a ganina ita ya kamata ta zo kafin duk waɗannan: me ya sa sayin? Ai ma'aunai masu gitta juna suna da yawa, ana iya gina su da igiyoyi masu kusurwa huɗu ma. Dalilin shi ne, duk tsarin da in ka ninka abin da ka shigar abin da ya fito yake ninkuwa, in ka haɗa biyu amsoshinsu suke haɗuwa, kuma halinsa na yau shi ne na gobe, in ka ba shi sayin, sayin zai dawo maka da shi a firikwensi ɗaya. Ƙarfi da jinkiri kawai zai taɓa. Igiya mai kusurwa huɗu ba ta da wannan gata, tana shiga matata take fita da wata siffa. Daga nan ne kwanbolushan, wato lissafin yadda matata ke gauraya samfuran sigina, wanda ke wahalar da ɗalibai a ɓangaren lokaci, yake komawa ninki kawai a ɓangaren firikwensi. In ɗalibi bai ji wannan ba, zai ɗauka Fourier al'ada ce kawai aka gada. In ya ji, zai gane dalilin da ya sa ake iya cire kukan wutar lantarki na 50 ko 60 Hz daga awon bugun zuciya, da dalilin da ya sa Wi-Fi da 4G suke raba bayanai a kan ƙananan firikwensi masu yawa ta hanyar FFT.

Mai_Kod:
Ƙwarai kuwa. Kuma ana iya nuna shi ba tare da kalkulas ba. A ɗauki matata mafi sauƙi, kowane samfuri a haɗa shi da na bayansa a raba biyu. A ba ta 1, 1, 1, 1, ya fito yadda ya shiga. A ba ta 1, -1, 1, -1, ya mutu murus. Ga matatar da ke barin ƙananan firikwensi su wuce ta tare manya, da lambobin da Injiniya ta riga ta kawo.

Malamin_Sigina:
To ga abin da na tsara daga maganganunku, ku duba ku gyara mini. Makonnin farko: bekta, ninka-ka-tara, DFT ta samfuri huɗu da ta takwas da biro, matiriks ɗinta da hujjar komawa kamar yadda Dakta ya nema. Sai jinkiri da shigowar i. Sai matata da dalilin zaɓen sayin. Bayan nan su rubuta DFT da kansu, su yi gwajin yoyo da na 440 da 445. Rabin zango na biyu kuma na mai gudana ne: jerin Fourier, Gibbs, intagiral, da cikakkiyar hujjar ɗibar samfuri. FFT da misalin DCT, 'yar'uwar DFT mai amfani da kosayin kaɗai, wadda Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka buga a 1974 kuma JPEG ke amfani da ita a kan gutsattsarin hoto 8 sau 8, su zo ƙarshe.

Dakta_Lissafi:
Zan iya zama da wannan, da sharaɗi ɗaya. Wajen tsallakawa daga jimla zuwa intagiral kada a ce musu "N ya tafi marar iyaka" a wuce. A DFT kowace jimla tana ƙarewa, babu tambayar ko za ta tsaya a wani wuri. Da zarar an tsallaka, wannan tabbacin ya tafi, kuma dole a gaya musu haka ƙarara, a nuna musu aƙalla sigina ɗaya da intagiral ɗinta ba ya tsayawa ta hanyar da suka saba, kamar sayin da ba ya ƙarewa. Ta nan ne za su ga bukatar deltar Dirac, wato tsini marar faɗi da ke tsaye a kan firikwensi ɗaya tak, maimakon ta faɗo musu daga sama.

Ɗalibi_Aji_Uku:
Na gwada ta samfuri takwas da daren nan. Na saka kosayin mai zagaye biyu, amsa ta fito 4 a gida na 2 da 4 a gida na 6, sauran duk sifili. Gida na 6 shi ne -2 ke nan, kibiya ta biyun da Malama ta faɗa? Kuma da na saka mai zagaye biyu da rabi, duk gidajen sun samu wani abu.

Injiniyar_Sauti:
Shi ne, 8 a cire 2. Na biyun kuma yoyon ne ka gani da idonka. Yanzu ninka samfuran nan takwas da tagar Hann kafin ka auna, ka kawo mana lambobin gida na 0 da na 4 mu kwatanta da na farko.